Mutafannini ko Gwanin Fanni Ɗaya: Wace Hanya Ta Fi wa Mai Son Sanin Komai?

Shekarun baya na zauna gaban wasu mutum uku ina neman aiki. Babbarsu ta ɗauki takardar tarihin karatuna da ayyukana, ta karanta shafin farko, ta juya na biyu, ta sake dawowa na farko. A ciki akwai koyarwa, akwai fassara, akwai riƙe lissafin kuɗi na wata ƙaramar ƙungiya, akwai rubuta manhajar kwamfuta da na koya wa kaina, akwai rubuce-rubuce kan tarihi. Ta ajiye takardar, ta cire tabarau, ta ce, "Malam, duk na gani. Amma in matsala ta taso a nan, wace iri ce za mu ce a kira ka?" Na buɗe baki, amsa ta ƙi zuwa. Ban sami aikin ba, kuma har yau ban ga laifinta ba. Tambayar tata ita ce dai take damun duk wanda Allah ya halitta da son sanin ƙwaƙwaf, wanda in ya buɗe littafin taurari yau, gobe kwaɗayin ilimin harsuna ya kama shi, jibi yana son sanin yadda injin jirgi ke aiki.

In kai ma haka kake, hanya biyu ce a gabanka. Ko ka zaɓi fanni ɗaya ka nutsa cikinsa har ka zama gwanin da ake nunawa da yatsa, ko ka bar kanka ka yi faɗi, ka zama abin da malamai ke kira mutafannini, mai hannu a fannoni da dama. Kowace tana da abin da take bayarwa da abin da take ƙwacewa, kuma masu kare kowace sukan ɓoye rabin labarin.

Bari in fara da hanyar da zuciyata ba ta so, domin hujjarta tana da ƙarfi fiye da yadda masu irin halina ke yarda. Tun 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya ba da misalin masana'antar fil: mutum goma da suka raba aikin a tsakaninsu, wannan ya ja waya, wannan ya yanka, wannan ya fiƙe baki, suna yin fil sama da 48,000 a rana, alhali in kowa zai yi komai da kansa da wuya ya yi ashirin. Haka abin yake a aikin da rai ya rataya a kansa. Binciken da John Birkmeyer da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa a manyan ayyukan tiyata, marasa lafiyar da suka faɗa hannun likitan da ke yawan yin irin wannan aikin sun fi tsira da ransu kan waɗanda suka faɗa hannun mai yin sa jefi-jefi. Ranar da za a buɗe ƙirjin mahaifiyarka, ba za ka tambayi likita ko ya san waƙa ko tarihi ba. Tambayarka ɗaya ce: sau nawa ka yi wannan?

Akwai kuma ƙofofin da ba sa buɗuwa sai ga wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa su. Masanin lissafi Andrew Wiles ya haɗu da wata tsohuwar matsalar lissafi da wani Bafaranshe mai suna Fermat ya bari yana ɗan shekara goma. A 1986 ya rufe kansa da ita, ya yi shekara bakwai kusan ba wanda ya san abin da yake yi, ya sanar da warware ta a 1993, aka gano giɓi a hujjarsa, ya ƙara fiye da shekara kafin ya toshe shi a 1994. Matsala ce da ta gagari masana fiye da shekara 350. Mai leƙa fannoni ba ya kai wa nan, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Masu son faɗi sukan kafa hujja da Ibn Sina, wanda ya haɗa likitanci da falsafa da lissafi, ko Al-Biruni, wanda ya auna girman duniya, ya koyi Sanskrit, ya rubuta game da mutanen Indiya. Gaskiya ne. Sai dai sun rayu shekara dubu da suka wuce, lokacin da mutum mai hazaƙa zai iya karance mafi yawan abin da aka rubuta a fanni kafin gemunsa ya cika. Masanin tattalin arziki Benjamin Jones ya nuna a 2009 cewa shekarun da mai ƙirƙira ke kaiwa kafin ya fito da ƙirƙirarsa ta farko suna ƙaruwa, fannonin suna ƙara tsukewa, kuma aikin yana komawa hannun gungu maimakon mutum ɗaya. Dalilin a fili yake: ilimin da za ka haddace kafin ka isa bakin iyakar abin da aka sani ya yi yawa. Ko a wancan zamanin ma Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura cewa wanda sana'a ɗaya ta zauna masa a hannu da wuya ya ƙware a wata bayanta kamar yadda ya ƙware a ta farko.

Labarin da ya fi koya mini bambancin hanyoyin nan biyu shi ne na dutsen Rashid, wanda Turawa ke kira Rosetta. Sojojin Faransa suka tsince shi a Masar a 1799, ɗauke da saƙo ɗaya cikin rubutu iri uku: rubutun zane-zane na Fir'aunoni, da rubutun yau da kullum na Masarawan da, da Girkanci. Tun da ana iya karanta Girkancin, sai aka ga ga mabuɗin rubutun da ya fi shekara dubu ba mai iya karanta shi. Mutum biyu suka yi fice a tseren. Ɗaya Thomas Young ne na Ingila, likita, wanda ya nuna cewa haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, ya bayyana yadda ido ke daidaita kansa don ganin kusa da nesa, ya kawo ra'ayin cewa ido yana gane launuka ta hanyar nau'i uku, har injiniyoyi na yau suna amfani da ma'aunin taurin ƙarfe da ke ɗauke da sunansa. Ya ɗauki dutsen a 1814 kamar yadda yake ɗaukar kowace matsala, ya zuba masa idon mai lissafi, ya gano sunan sarki Ptolemy a cikin da'irar da ake kewaye sunayen sarakuna da ita, ya dace da sautin wasu alamomi. Ya wallafa abin da ya samu a 1819. Daga nan tafiyarsa ta yi sanyi, ga wasu ayyuka suna jiransa, kuma ya ɗauka cewa Masarawa ba sa rubuta sauti sai in sunan baƙo za su rubuta.

Na biyun Jean-François Champollion ne na Faransa, wanda tun yana yaro bai da wani buri sai Masar. Ya koyi Ibrananci da Larabci da wasu harsunan gabas, amma wanda ya sha ya ƙoshi shi ne Kibɗanci, harshen cocin Kiristocin Masar, domin ya yi imani shi ne jikan harshen Fir'aunoni. A watan Satumba na 1822 yana duba wani suna da aka kwafo daga wani tsohon gini. Alamomi biyu na ƙarshe ya riga ya san su, sautin "s" ne. Ta farko da'ira ce mai siffar rana, kuma ya san yadda ake kiran rana da Kibɗanci: "ra". Sai sunan ya faɗo masa, Ramses, Fir'auna ɗan ƙasa, ba baƙo ba. Ashe rubutun yana ɗauke da sauti har a kalmomin Masarawa kansu. Ana ba da labarin cewa ya ruga wurin yayansa ya ce ya kama bakin zaren, sannan ya yanke jiki ya faɗi.

Na daɗe ina juya labarin nan. Young ya ga abin da wasu ba su gani ba, cikin ɗan lokaci, saboda ya shigo da ido daga waje. Amma matakin ƙarshe yana buƙatar wanda kalmar "rana" ta Kibɗanci ke zaune a kan harshensa ba sai ya buɗe ƙamus ba. Kuma ka lura, Champollion ma mai faɗi ne, harsuna nawa ya koya. Bambancin shi ne duk rafukansa kogi ɗaya suke zuba ruwa.

To ina faɗi ke biya? Yana biya a inda fannoni ke haɗuwa, wurin da gwanin kowane ɓangare ba ya zuwa. Injiniya Claude Shannon ya haɗu da lissafin hankali na George Boole, wato lissafin da ke aiki da gaskiya da ƙarya, a wani darasin falsafa a jami'ar Michigan. Da ya je jami'ar MIT ya tarar da injin lissafi cike da makunnan lantarki, sai ya ga cewa "kunne" da "kashe" daidai suke da "gaskiya" da "ƙarya" na Boole. Kundin da ya rubuta a 1937, yana da shekara 21, shi ne tushen tsarin da kowace kwamfuta da wayar hannu ke aiki da shi yau. Injiniyoyin waya sun fi shi sanin makunnan, masana falsafa sun fi shi sanin Boole, amma ba wanda ya zauna a ajin biyu. Haka a 1980 masanin kimiyyar fiziya Luis Alvarez da ɗansa Walter, masanin duwatsu, suka gano yawan sinadarin iridiyam, wanda ya yi ƙaranci a doron ƙasa amma ya fi yawa a duwatsun sararin samaniya, a wani siririn layin yumɓu, suka kawo bayanin cewa wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ne ya hallaka dabbobin dinaso kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Yana biya kuma wurin hangen abin da zai faru. Philip Tetlock ya bi masana 284 na siyasa da tattalin arziki kusan shekara ashirin, ya tara hasashe fiye da 80,000, ya wallafa sakamakon a 2005. Ya aro tsohuwar maganar wani mawaƙin Girka, cewa dila ya san abubuwa da yawa, bushiya kuwa abu ɗaya ta sani amma babba. Masu halin bushiya, da ke auna komai da babban ra'ayi guda, sun fi yawan kuskure kuma sun fi taurin kai in an nuna musu. Masu halin dila, da ke tsinto hujja nan da can suna gyara matsayinsu, sun fi dacewa. Abin da ake yawan mantawa shi ne dilolin nan ma masana ne masu fanninsu. Yadda suke tunani ne ya bambanta su.

A kasuwanci ma haka. Edward Lazear ya duba tsofaffin ɗaliban makarantar kasuwanci ta jami'ar Stanford ya tarar cewa waɗanda suka ɗauki darussa mabambanta kuma suka riƙe ayyuka iri-iri sun fi kafa kamfanin kansu. Ba abin mamaki ba ne, domin mai kafa sana'a dole ya fahimci kaya da ciniki da lissafi da sarrafa mutane, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke kayar da shi.

Ni ma na ɗanɗana daɗin wannan. Wata rana a wurin aiki akanta da mai rubuta manhaja sun shafe fiye da awa suna ja-in-ja kan wani rahoton kuɗi da ya ƙi daidaita, kowa yana ganin ɗayan bai san aikinsa ba. Ina sauraro sai na gane cewa kalma ɗaya ce ta raba su: in akanta ya ce kuɗi sun shigo, ranar da aka rubuta takardar biya yake nufi, shi kuwa mai manhaja ranar da banki ya tabbatar ya sa injin ya ƙirga. Na tashi na zana layi biyu a allo na rubuta ranakun. Suka yi shiru, sannan akanta ya ce, "Au, wannan kake nufi?" Ban kai ko ɗayansu iya aikinsa ba, amma ina jin harshen kowa, kuma a ranar tafinta ake buƙata. Sai dai in faɗa maka gaskiya: aikin tafinta ba ya fitowa a takarda. Da aka zo yabo, su biyun aka yaba.

Wannan ne ciwon farko na mai faɗi, ba a san inda za a ajiye shi ba. Mai ɗaukar aiki yana da gurbi mai suna, kuma gwani ya dace da gurbin kamar mabuɗi da kwaɗo. Sa'anninka da suka tsaya a layi ɗaya za su riga ka ƙarin girma, za ka kai shekara talatin da wani abu kana ɗan koyo a ƙarƙashin wanda ka girma. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ciwo na biyu ya fi haɗari domin ba ka jin sa: sanin shanu. Ka karanta littafi uku a kan wani fanni, ka iya kalmominsa, ka iya hira da su har a ɗauka kai ɗan gida ne, kai ma ka yarda. Wanda bai taɓa zurfi a komai ba bai san yadda zurfi yake ba, don haka ba shi da ma'aunin da zai gane cewa a bakin gaɓa yake. Ko manya ba su tsira ba. Linus Pauling ya karɓi kyautar Nobel sau biyu, ta kimiyyar sinadarai a 1954 da ta zaman lafiya, amma da ya tsallaka fagen likitanci ya dage cewa shan bitamin C mai yawa yana taimakon masu ciwon daji, gwaje-gwajen da asibitin Mayo ya wallafa a 1979 da 1985 ba su ga wani amfani ba. Sunan da ya yi a can ya sa mutane suka gaskata shi a nan.

Na uku shi ne wanda na fi jin kunyarsa in na duba baya, kuma ina roƙonka ka tsaya a kansa. Kowane ilimi yana da farko mai daɗi, inda kullum kake gano sabon abu, sannan tsakiya mai gundura, inda za ka yi wata shida kana maimaita abu ɗaya ba ka ga ci gaba ba. Daidai nan ne wani sabon fanni ke ɗaga maka hannu. Zuciya za ta ce maka son sani ne, alhali sau da yawa gudun wahala ne ya sa rigar son sani. Sai ka saki reshe ka kama ganye. Leonardo da Vinci ya bar dubban shafuka na zane da nazari, amma zane-zanen fenti da suka rage nasa ba su kai ashirin ba, wasu ma bai gama su ba, kuma nazarin jikin ɗan Adam da ya yi ya kwanta a takardunsa ɗaruruwan shekaru ba a wallafa ba. Likita Andreas Vesalius da ya gama littafinsa kan jikin ɗan Adam ya fitar a 1543, shi ne ya sauya ilimin likitanci.

Gwani ma yana da nasa ciwon, a taƙaice. Fanninsa na iya mutuwa ya bar shi tsaye, kamar yadda ya faru da masu haɗa layin tarho da hannu, da masu jera haruffan dalma a maɗaba'a, da masu wanke fim ɗin hoto. Kuma Adam Smith ɗin da ya yabi rarraba aiki shi ne ya yi gargaɗi cewa wanda ya ƙare rayuwarsa yana maimaita 'yan ayyuka kaɗan, tunaninsa yakan dakushe.

To ta yaya za ka zaɓa? Abu na farko, dubi irin filin da kake son shiga. A 2009 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Gary Klein, waɗanda suka daɗe suna saɓani kan ko za a amince da hasashen gwanaye, suka haɗu a kan cewa ƙwarewa ta gaskiya tana buƙatar sharaɗi biyu: fili mai ƙa'idoji da ba sa sauyawa, da damar ganin sakamakon aikinka da wuri don ka gyara. Darar ces haka take, shi ya sa László Polgár na ƙasar Hangari ya iya horar da 'ya'yansa mata uku tun suna ƙanana, har ƙaramarsu Judit ta kai matsayi mafi girma na wasan a 1991 tana da shekara 15. Wani nazari da Brooke Macnamara da abokan aikinta suka yi a 2014, da ya tattara bincike 88, ya tarar cewa yawan atisaye yana bayyana kashi 26 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin 'yan wasannin allo irin su ces, kashi 21 a kiɗa, kashi 18 a wasannin motsa jiki, amma ƙasa da kashi 1 a ayyukan ofis da makamantansu. In burinka tiyata ne ko tuƙin jirgi ko goge ko lissafi zalla, ka shiga da wuri ka tsaya, ka mayar da sauran sha'awoyinka abin hutu. In kuwa shugabanci ne, ko aikin jarida, ko tsara manufofi, ko kafa kamfani, inda matsalar yau ba ta kama da ta jiya kuma sakamako sai bayan shekaru, faɗinka jari ne.

Na biyu, dubi shekarunka da nauyin da ke kanka. Ofer Malamud ya kwatanta Ingila, inda ɗalibi ke zaɓar fanni tun kafin ya shiga jami'a, da Sikotland, inda yake ɗanɗana darussa daban-daban a shekarun farko, ya tarar cewa 'yan Ingila sun fi barin fannin da suka karanta su koma aikin da bai shafe shi ba. Wato yawon farko ba asara ba ne, da shi mutum ke gano kiwon da ya karɓe shi. In kana shekara ashirin, zaga ba tare da jin laifi ba. In ka haura talatin, akwai masu jiran hannunka, kuma har yanzu ba ka da amsar tambayar matar nan, to lokacin tsayawa ya yi.

Ra'ayina, bayan na bi hanyar da tsawo: kar ka kashe son saninka, ba ma za ka iya ba, kuma in ka gwada za ka zama gwani mai ƙunci. Amma ka zaɓi abu ɗaya ka wuce tsakiyarsa mai gundura, ka kai inda 'yan fannin da kansu za su kawo maka matsala su jira amsarka. Wannan zai ba ka suna a wurin masu neman aiki, zai kuma ba ka ma'aunin gane iyakarka a sauran fagage. Imam Suyuɗi, da yawan rubuce-rubucensa, ya lissafa fannoni bakwai da ya ce ya yi zurfi a cikinsu, tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu da rassan balaga uku, sannan ya faɗa da bakinsa cewa lissafi shi ne mafi wuya a gare shi, in ya dubi matsalarsa kamar an ɗora masa dutse. Wanda ya san zurfi ne kaɗai ke iya irin wannan iƙirari.

Wajen zaɓar abin, kar ka tambayi kanka wanne ya fi burge ka yau, domin gobe wani ne. Duba baya shekara biyar ko goma, ka ga wanne kake komawa gare shi ko bayan ka yi fushi ka bar shi, wanne ne gundurarsa ba ta kore ka gaba ɗaya ba. Ni da na duba, fassara ce. Na ba ta safiyata, sa'o'in da kaina ya fi sauƙin aiki, na bar wa tarihi da taurari da manhaja yamma da ranakun hutu, kuma na sa wa kaina doka cewa ba zan buɗe sabon fanni ba sai na fitar da wani abu gamamme daga wanda ke hannuna, ko da shafi biyar ne da wani zai iya karantawa. Shekara ta uku da fara haka aka kawo mini takardun wata yarjejeniya mai cike da lissafin kuɗi da bayanin manhaja, wadda mafassara biyu suka mayar saboda ba su gane abin da take faɗa ba. Wanda ya kawo ta ya ce an gaya masa in irin wannan ce, ni ake kira.